Gafaka, Buzu da Gora: Ilimin Fita Daji da Muke Neman Rasawa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan uwana matasa, duk mai shiga intanet ya sha ganin hotunan Turawa goye da manyan jakunkuna, suna hawan duwatsu, suna kwana a tanti. Wasu ɗalibaina na Islamiyya sun ɗauka wannan shaƙatawar masu kuɗi ce. Ni kuwa a ganina abin namu ne tun asali, sakinsa kawai muka yi.

Nan Tsiga, da sauran garuruwan ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi, an san kiskadi, wato gardi ya fita bayan gari ya keɓe don tilawar Alƙur'ani. Kayansa ba su wuce gafaka da allo da buzu da buta ba. Buzun nan shi ne dardumarsa, shi ne shimfiɗarsa. Haka makiyayi: sanda, gora da malfa sun ishe shi yini guda. Kakanninmu ma da ƙafa suka tafi aikin Hajji, ta Barno da Cadi da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, wasu sai sun yi shekaru a hanya. Sun fahimci cewa duk abin da ka ɗauka, wuyanka ne zai biya. Shi ya sa guzurinsu ya zama mara nauyi, mara saurin lalacewa, irin su ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi.

Amma kaya ba su kai sani muhimmanci ba. Mutum nawa ne a cikinmu zai gane shigar Azahar da inuwar sanda idan cajin wayarsa ya ƙare? Wa ya san cewa alƙiblarmu gabas take, tare da ɗan karkatawa arewa? Babin taimama da na ƙasaru da muke karantawa a Ahalari da Risala ba sa zama da rai sai ranar da ruwan gora ya yi ƙasa. A nan ne kuma yaro ke koyon kakkaɓe takalmi saboda kunama, da tafasa ruwan rafi kafin sha, da kashe wuta sarai don kada ta cinye amfanin gonar wani. Suratul Gashiya ta ja hankalinmu zuwa ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Yaya wanda idonsa bai bar allon waya ba zai yi wannan tafakkuri?

Na san abin da ke ranku: daji ba lafiya. Gaskiya ne. A watan Fabrairun 2025 'yan bindiga suka shigo Tsiga suka ɗauke Janar Maharazu Tsiga, tsohon shugaban hukumar masu yi wa ƙasa hidima, bai kuɓuta ba sai a watan Afrilu. Don haka ba na kiran kowa ya kwana a daji, jefa kai cikin halaka ba jarumta ba ce. Tsorona shi ne su raba mu da dajin, mu kuma mu raba 'ya'yanmu da iliminsa, har a wayi gari ɗan manomi bai iya bambanta dorawa da kaɗanya ba.

Shawarata ita ce a fara da kaɗan. Ku fita da hantsi, cikin jama'a, zuwa gonakin da ke daf da gari, bayan kun sanar da iyaye kuma kun tambayi masu sanin halin da hanya ke ciki. Ku ɗauki ruwa da hula da takalmi mai rufi, ku dawo kafin La'asar. Mafi alheri, ku tafi da dattijo guda, ku yi ta yi masa tambaya. Abin da ke kansa babu shi a intanet.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, amin. Wassalamu alaikum.