Abincin Rana a Wurin Aiki: Faransa da Ƙasar Hausa

A Faransa, da ƙarfe sha biyun rana ta yi sai ofisoshi su fara raguwa da mutane. Ma'aikata su tashi daga teburansu su nufi ɗakin cin abinci na kamfani ko gidan abinci na kusa, da yawa ba sa dawowa sai bayan awa guda. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta hana kamfani ya bar ma'aikaci ya ci abinci a inda yake aiki. Tushen dokar yana komawa 1894, zamanin da ƙura da gubar masana'antu suke cika wuraren aiki, ana fargabar cututtuka irin su tarin fuka. Sai a Fabrairun 2021, saboda annobar korona, gwamnati ta sassauta ta na wani lokaci. Kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye dole ya tanadi ɗaki mai tebura da kujeru da firji da na'urar ɗumama abinci. Tun 1967 kuma akwai takardar sayen abinci da kamfani ke biyan rabin kuɗinta ko sama da haka kaɗan.

A zaman cin abincin ranar ne sabon ma'aikaci yake koyon abin da ba a rubuta a takardar ɗaukar aiki ba: wa ake tuntuɓa idan aiki ya cije, yadda ake yi wa shugaba magana, yadda ake saɓa wa abokin aiki ba tare da ɓata zumunci ba. Amma kowa da farantinsa, kowa kuma yana biyan nasa.

A Kano ko Maraɗi lamarin daban ne. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ba ya rufe shago don cin abinci. Mai abinci ce take aiko da langa, ko yaron shago ya sayo garau-garau ko ɗanwake, a buɗe a ƙofar shago, wanda ya zo wucewa a ce masa "Bismilla", ya amsa da "Alhamdu lillahi" ko ya wanke hannu ya zauna. Tayi ne ke kare abincin, ba doka ba, kuma abin kunya ne mutum ya ci shi kaɗai maƙwabcinsa na kallo. Sallar Azahar ita ce take raba yini gida biyu. Sai dai abincin ba shi da lokacin kansa: ana loma, mai saye yana ciniki, wayar hannu kuma tana ta ƙara da saƙonnin WhatsApp na abokan hulɗa.

Wayar ta shiga teburin Faransawa su ma, har ana ɗaukar hoton faranti a sa a Instagram kafin a taɓa shi. Bambancin shi ne sun yi wa saƙon aiki iyaka: tun 1 ga Janairun 2017 doka ta wajabta wa manyan kamfanoni su tattauna da ma'aikata kan haƙƙinsu na kashe waya da imel bayan an tashi aiki.

Tayin Bahaushe ya fi farantin Bafaranshe ɗumi, wannan babu jayayya. Abin da ma'aikacin Kano ya rasa shi ne rabin awa da za a bar shi ya ci abincinsa ba tare da shugaba ko mai saye ya kira shi ba.