Wayar Likita Da Abin Da Ya Zauna A Kansa

Mu malaman makaranta mun san wannan gardama tun ranar da kalkuleta ta shigo aji. Wasu suka ce ta kashe lissafi, wasu suka ce ta sauƙaƙa shi. Yanzu gardamar ta ƙaura zuwa ɗakin likita, inda kuskure ɗaya kan iya tafiya da ran ɗan mutum.

'Yar ƙanwata tana shekarun ƙarshe na karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma a gidana ta sauka a Madawa lokacin da ta zo sanin makamar aiki da damina. A wayarta akwai littafin jagorar magani na ƙungiyar likitoci ta MSF, wanda ake buɗewa ko babu intanet, da manhajar lissafa yawan magani gwargwadon nauyin yaro, da zauren WhatsApp inda manyanta ke duba hoton ƙirji su ba da shawara. Littattafan da a da sai an cika akwati da su, ga su a aljihun riga.

Wanda ya san Madawa da Buza da Keita daga Yuli zuwa Oktoba ba zai raina wannan ba. Lokacin ne rumbu ke ƙarewa, masassara da tamowa su haɗu a jikin yaro ɗaya. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, don haka layin uwaye ba ya yankewa. A 2013 aka fara rabon maganin rigakafin masassara na damina, Madawa da Buza na cikin wuraren farko, amma har yau gadajen yara cika suke yi. Sabon likitan da aka tura wani lungu na Keita zai iya wuni bai ga wanda ya fi shi sani ba, babban da zai tambaya yana Tawa. A irin wannan hali waya abokiyar shawara ce.

Amfaninta kuma an auna shi. A Tanzaniya an gwada wata manhaja mai suna ALMANACH, wadda ke bi da ma'aikacin lafiya tambaya bayan tambaya, aka buga sakamakon a 2015. Yaran da aka duba yadda aka saba, sama da 80 cikin 100 an rubuta musu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Waɗanda aka duba da manhajar kuwa kusan 15 ne cikin 100, kuma ba su gaza sauran warkewa ba. Daga baya aka kai ta jihar Adamawa a Najeriya. Burkina Faso ma tana da irin nata tsarin a ɗakunan shan magani na karkara.

Sai dai wannan awo ya duba takardar magani da lafiyar yaro ne. Ni malami tambayata daban ce: me ya zauna a kan mai koyo? Bayan wata shida yana aiki da wayar, idan aka karɓe ta, zai tuna cewa numfashi 50 a minti ɗaya ga jariri ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya alamar ciwon huhu ce, 40 kuma ga wanda ya haura shekara? Zai ɗaura zaren awon damtse ya san cewa ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani? Ƙirga sau nawa aka buɗe manhaja ba ya amsa wannan, kamar yadda rajistar kiran suna ba ta nuna wanda ya gane darasi.

Na tambaye ta yadda take yi. Ta ce: “Kawu, sai na duba yaro na yanke hukunci a raina, sannan in buɗe in ga ko mun dace.” Ta ce a cikin abokan karatunta akwai masu buɗewa tun uwa ba ta gama zama ba. Waya ɗaya ce a hannunsu, amma na farko karatu yake yi, na biyu kwafe. Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun jarrabawa ya san bambancin.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Manhajar da Faransanci take magana, uwar Ba'adara ce ko Buzuwa ko Bafulatana. Za ta ce “haƙori ne”, tana nufin zawo da zazzaɓi na kwana huɗu. Idan ɗan fari ne, kunya za ta hana ta yawan bayani, sai kakar ta karɓe zancen, ita kuma ba ita ta kwana da yaron ba. Ba wanda zai ce maka wanzami ya cire beli shekaranjiya, ko an ɗura jiƙo, sai ka iya tambaya. Tsohon manjo na ɗakin shan magani yakan gane yaron da ya galabaita tun daga yadda wuyansa ya langaɓe a goye. Wannan ilimi a tsaye kusa da shi ake ɗaukarsa, kuma idon da ke kan gilashin waya ba ya ganin goyo. In aka shigar da amsa karkatacciya, manhaja za ta fito da hukunci karkatacce, a rubuce tsaf, har mai koyo ya ji nauyin yi mata musu.

Da ni za a tambaya a tsangayoyin likita na Yamai da Maraɗi da Damagaram, sai in ce a sa ɗalibi ya rubuta abin da yake zato kafin ya taɓa waya, ƙarshen wata malaminsa ya duba ko tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa. A riƙa tsayar da uwaye a bakin ƙofa ana tambayarsu yadda aka ce su ba da maganin, domin amsarsu makin ɗalibin ce. A kuma ware masa ranar duba marasa lafiya babu waya, babba na tsaye a bayansa.

Wannan ranar ba wasan kwaikwayo ba ce a wajenmu. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024, kuma watannin farko na yankewar sun faɗo daidai tsakiyar masassara.