Ƙarar MiG a Saman Bauchi

Kafin ka ji shi ya riga ya wuce. Abin da ke ɗaure mana kai ke nan muna yara a unguwar Jahun. Kana tsugune a ƙofar gida kana dangwalar masa a miyar taushe, sai wani abu siriri kamar mashi ya gilma ta saman Dutsen Warinje, sai ya ɓace tukuna ƙarar ta faɗo. Kwanukan rufi su ɗauki rawa, kaji su tarwatse, jakin mai itace ya nemi tsinke igiya. Inna, kakarmu, takan dafe ƙirji ta ce, "La haula! Aradu kuma ba hadari?" Mu kuwa tuni mun cika titi muna ɗaga hannu, muna rantsuwa matuƙin ya gan mu.

Ba kullum jiragen suke giftawa ba. Makurɗi ne gidansu, wasu kuma Maiduguri, mu dai a hanya muke. Amma a gidanmu jirgin nan kamar ɗan uwa ne, domin Kawu makaniken sojan sama ne. In ya zo hutu, tun daga zaure za ka ji ƙanshin kananzir a kakinsa, wanda ko sabulun wanki bai iya fitarwa. Yakan durƙusa ya gai da Inna, ya ce, "Inna, ki daina firgita, namu ne. Wataƙila ma ni na ɗaure masa ƙusa." Sai ya ba kowannenmu kwabo biyar, abin da a lokacin ke sayen masa har da canjin rake.

Bayan sallar isha'i ake baje tabarma. A bakinsa na fara jin cewa a 1964 aka kafa rundunar sojan sama, Jamusawa na koyar da su a Kaduna. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Rasha ta kawo MiG-17 Kano, Misirawa suka riƙa tuƙawa kafin namu su ƙware. Yakan ce da su suke sahun salla a gindin fiffike, ba mai jin yaren wani sai Fatiha.

Amma MiG-21 da ya iso a 1975, shi ne abin ƙaunarsa. Yakan kira shi ingarma mai taurin baki: gudunsa ya kai ninki biyu na gudun sauti, in zai sauka kuma sai ya buɗe laima a wutsiya, in ba haka ba filin ba zai ishe shi ba. Wannan laimar ta hana mu barci. Washegari muka sassaƙa jirage da karan dawa, muka yi musu hanci da gwangwanin madara, muka ɗaura tsumma a baya. Kowa so yake a kira shi Ibrahim Alfa, matuƙin da Kawu ba ya gajiya da ambatonsa, wanda ya zama shugaban rundunar a 1984, shekarar da Jaguar ta Ingila ta sauka Makurɗi.

Daga nan sai sama ta yi shiru a hankali, yadda kasuwa ke watsewa ba wanda ya ce a tashi. Kayan gyara suka yi wuya, aka jera jiragen a ƙasa, ciyawa ta fito tsakanin tayoyinsu. Kawu ya yi ritaya ya dawo gida, ya kama rumfa kusa da kasuwar Wunti yana gyaran janareto, kowace sifana a shimfiɗe kan farin ƙyalle bisa tsari, kamar yadda ya saba. Ranar da na kai masa jarida mai hoton F-7 da aka sayo daga Sin a 2010, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan hancin jirgin ya ce, "Ɗan nan, wannan jikan MiG ne. Dubi hancin gidansu."

Allah bai nuna masa 2016 ba, lokacin da aka kafa rundunar ayyuka na musamman ta sojan sama a nan Bauchi, zamanin shugabancin Sadique Abubakar ɗan Azare. Yanzu samari masu irin kakinsa na sayen masa a Wunti, daf da inda rumfarsa take. Sifanarsa mai lamba goma tana wurina, a nannaɗe cikin ƙyallen nan. Na sha niyyar wanke shi, sai in sunsuna in mayar.