Amanar Hoto Daga Kyamara Zuwa Faifai

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu ɗaliban Hausa mun fi kowa sanin gaskiyar wannan magana, domin yawancin abin da muke nazari yana bakin tsofaffi da makaɗa da maroƙa da masu sana'o'in gargajiya. A dā mai bincike da alƙalami da rikoda yake fita, yau kuwa da kyamara. To, amma ɗaukar hoto rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tace shi da naɗe shi a faifai, yadda mai kallo zai ga abin da mai ɗauka ya gani. A nan ne na lura ana yawan tafka asara, kuma a kan wannan nake so in ɗan yi tsokaci, gwargwadon abin da na koya wajen tace hotunan da nakan ɗauko a ƙauyuka lokacin hutu.

Bari mu fara da lissafi. Ƙananan kyamarori masu ɗaukar hoto garau sun fara yaɗuwa ne bayan fitowar tsarin HDV a 2003, wanda yake ɗauka a kan ɗan ƙaramin kaset. A 2006 kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da AVCHD, wanda daga baya ya fi yawa a kan kati. Cikakken hoto garau yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600 ke nan. Shi kuwa faifan DVD, wanda ya fara shiga kasuwa a Japan a 1996, iyakarsa ɗigo 720 sau 576 a tsarin PAL irin na ƙasarmu, watau 414,720. Kashi ɗaya ke nan daga cikin biyar. Bidiyo sidi, wanda ya yi tashe a kasuwanninmu, nasa 352 ne sau 288, wajen kashi ɗaya cikin ashirin. Faifan Blu-ray, da ya fito a 2006 yana cin gigabait 25, shi ne ke iya ɗaukar hoton gaba ɗayansa, sai dai na'urarsa ba ta shiga gidajenmu yadda ta DVD ta shiga ba. Saboda haka tambayar da nake fara yi wa kaina kullum ita ce, wa zai kalli faifan nan, kuma da wace na'ura?

Abin da ya sa na ɗauki wannan al'amari da zafi shi ne wani faifai da ke gidanmu. Ina yaro, baffana ya ari kyamara mai kaset ya ɗauki bikin wata 'yarsa. A ciki akwai mata suna daka suna waƙa, akwai kuma kakarmu zaune a kan tabarma tana ba da labarin yadda kakanninmu suka yi ƙaura suka zo garin. Kaset uku ya cika, sa'a uku ke nan. Ya kai wani shago a birni, mai shago ya ce masa, “Alhaji, me zai sa ka ɓata kuɗi? Ai faifai ɗaya zai cinye su duka.” Ya kuwa cinye. Da aka koma neman kaset ɗin, sai aka tarar an riga an ɗora wani biki a kansu. Yau kakarmu ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. In ka sa faifan za ka ga wata tsohuwa tana magana, amma tsagar fuskarta ta narke, zanen atamfarta ya koma tabo-tabo, in ta motsa hannu sai hoton ya farfashe kamar tsohon madubi. Araha ba ta ado.

Ga dalilin abin da ya faru. Ba a ajiye hoto mai motsi sai an matse shi. Na'ura takan ajiye cikakken hoto ɗaya a kusan kowace rabin daƙiƙa, sauran kuwa sai ta rubuta bambancin da ke tsakaninsu kawai. Yawan bayanin da aka ware wa kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da megabit, shi ne ke nuna kyaun hoto ko muninsa. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana cin gigabait 4.7. In sa'a ɗaya aka zuba masa, kowace daƙiƙa tana iya samun megabit 8 ko 9, kusa da iyakar 9.8 da tsarin ya yarda. In sa'a biyu ce sai rabon ya sauko wajen 5, in kuwa uku ce da ƙyar ya wuce 3. Taura biyu ba ta taunuwa, ko dai tsawo ko kyau. Abin lura kuma shi ne, irin abubuwan da mu muke ɗauka su ne suka fi wahalar matsewa: ƙurar dawaki ranar hawan daba, da aikin aska takwas a gaban babbar riga, da juyin 'yan rawa, da ganyen darbejiya in iska na kaɗa shi. Don haka ni ba na wuce minti 70 zuwa 80 a faifai guda. In aikin ya fi haka, sai in raba shi biyu, ko in nemi faifai mai shimfiɗa biyu mai cin gigabait 8.5.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a matse hoto sau ɗaya tak. Kowane ɗalibi ya san yadda takardar darasi take komawa in aka yi fotokwafinta, sa'an nan aka yi fotokwafin fotokwafin: ƙugiyar ɗ da ta ƙ su ne ke fara ɓacewa. Haka hoto yake. Duk lokacin da aka sake matse shi sai ya zubar da wani abu da ba ya dawowa. Shi ya sa nake yin yanka da jeri da gyaran haske duka a kan hoton asali, da cikakken girmansa, sai a mataki na ƙarshe in rage shi zuwa girman DVD. A wannan mataki nakan sa manhaja ta bi hoton sau biyu, zuwan farko ta gane inda motsi ya yi yawa, na biyu ta ƙara wa wurin rabo ta rage wa inda mutum ke zaune shiru. Yana cin lokaci, kuma in wuta ta ɗauke sai an sake, amma sauri ya haifi nawa.

Har wa yau akwai wani tarko da masu sayen kyamarar gwanjo ke faɗawa. Tsarinmu hoto 25 ne a daƙiƙa, daidai da wutar lantarkinmu mai bugu 50, na Amurka kuwa kusan 30 ne. In aka ɗauka da 30 aka tilasta masa komawa 25, sai na'ura ta riƙa zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida, tafiyar doki ta koma kamar ɗingishi. Abin da ya fi shi ne a daidaita kyamara tun kafin a fita, in kuwa ba ta daidaituwa, a bar hoton a tsarin da aka ɗauke shi tun daga farko har faifai.

Sai batun murya, wanda a wajen ɗalibin harshe ya fi hoton ma daraja. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, in murya ta dushe an rasa hujjar nazari. Na sha ganin masu tacewa suna ɗora kiɗan fiyano a kan maganar dattijo wai don armashi, ko su yanke gaisuwa da amshin mata wai ɓata lokaci ne. A ganina wannan cin amana ne. Gaisuwar nan da amshin nan su ne abin da wani manazarci zai zo nema nan da shekara talatin. Abin da nake yankewa shi ne inda kyamara ta kalli ƙasa ko hannu ya yi rawa. Maganar mutum kuwa ba na gutsure ta, sai in shi ya nemi a cire.

Daga ƙarshe, faifai ba ma'ajiya ba ce ta har abada. Wanda ake naɗa a kwamfuta rini ne a cikinsa, zafi da hasken rana suna cin sa, mu kuwa ga mu a ƙasar da watan Afrilu ke narka kwalta. Nakan naɗa a hankali, in gwada faifan a na'urar gida ta talaka kafin in miƙa, in rubuta sunan gari da ranar ɗauka a kansa da alƙalami mai taushin baki. Bugu da ƙari zamanin faifan kansa yana shuɗewa: a 2025 kamfanin Sony ya daina yin faifan Blu-ray na naɗa da ƙananan kaset na MiniDV. Saboda haka hoton asali, wanda 'yan sana'a ke kira masta, shi ne dukiya. A ajiye shi yadda ya fito daga kyamara, a wuri biyu ko uku daban-daban. Muddin yana nan, kowace irin na'ura zamani ya kawo, ana iya sake fitar da aikin da cikakken kyaunsa.

Ina roƙon malamanmu da shugabannin wannan ƙungiya su duba yiwuwar sa duk ɗalibin da ya yi binciken fili ya miƙa hoton asali tare da kundinsa, a adana a sashe. Dattawan da suka zauna suka ba mu lokacinsu ba su nemi ko kwabo ba, hakkinsu ne a kanmu mu isar da fuskokinsu da muryoyinsu ga na baya yadda suke. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.