Ɗakin Kaka Kafin Saukar Damina

Ranar da aka kawo kakata Ƙanƙara daga ƙauyensu na yankin Faskari, ƙullin kaya biyu ne kawai a hannunta. Kamar mutane da yawa na Faskari, Sabuwa da ƙauyukan Ƙanƙara, tsoron 'yan bindiga ne ya raba ta da gidanta. Namu gidan kuwa ya riga ya cika, domin gwaggona ta iso daga Sabuwa da 'ya'yanta huɗu. Abin da ya rage shi ne tsohon ɗakin ƙasa na marigayi kakanmu, wanda aka daɗe da rufewa. Bango ya tsage, daɓe ya farfashe, banɗakin da ke bayansa ya zama matattarar sauro.

A watan Afrilu ne, ina hutun jami'a, damina kuma ta kusa. Kuɗin da birkila ya yanka ya fi ƙarfin Baba. Sai na ce ni da ƙannena biyu za mu gyara.

Da kuskure na fara. Na kwashe ɗan abin da na tara na sayi siminti buhu biyu, muka shafe bangon ƙasar da shi. Ya yi sumul, har na ɗauki hoto. Bayan mako biyu na ƙwanƙwasa na ji yana amsawa kamar ganga, ba a jima ba ya fara ɓamɓarowa. Wani tsohon magini maƙwabcinmu ya zo ya duba, ya ce, "Yaro, ƙasa tana shan danshi ta kumbura, in ta bushe ta tsuke. Siminti ba ya bin ta. Kuma ka bar ciwon a sama ka zo kana shafa magani a ƙasa."

Da muka hau soron sai muka ga indararo ya toshe, ruwa na bin jikin bango, gara kuma ta cinye azara biyu. Shi da kansa ya tsaya aka canza azarar. Ƙannena, ku riƙe wannan: aikin rufi ba na yara su kaɗai ba ne, domin azarar da gara ta ci tana iya ruftowa kan mutum. Daga nan muka kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, muka bar ta ta kwana uku, muka cike tsagar muka yi yaɓe. Cikin ɗakin muka shafe shi da farar ƙasa, wadda Allah Ya albarkaci Ƙanƙara da ita.

Da aka zo kan daɓe, Kaka ta karɓe ragamar. "Matsa can, maigidana," in ji ta, "wannan ba a koyar da shi a jami'a." Ta sa aka jiƙa ɓawon ɗorawa aka samu makuba. Muka baza birji, tana yayyafa ruwan, mu da 'ya'yan Gwaggo muna bugu da maɗabi har tafin hannuna ya yi bororo. Ran nan ne na fara jin dariyarta tun zuwanta.

Banɗaki ne wurin da siminti ya yi amfani. Ruwan wanka da ke kwanciya shi ke cin gindin bango. Da ragowar simintin muka yi daɓe mai ɗan gangara zuwa rariya, muka haƙa rami nesa da rijiya muka cika shi da duwatsu don ruwan ya nutse. Muka yi wa masai murfi, muka kafa ƙarfen da Kaka za ta riƙa dafawa.

Daren da aka yi ruwan farko ban yi barci ba, ina ta leƙa ɗakin da tocila. Ko ɗigo bai zubo ba.

Kaka ta yi makonni a gidanmu ba ta kwance ƙullin nan biyu ba, kullum cewa take gobe za ta koma. Washegarin ruwan na shiga gaishe ta, na tarar ta jera kwanoninta a jikin farin bangon. Har yanzu tana addu'ar Allah Ya kawo zaman lafiya ta koma gonarta, mu ma muna taya ta. Kafin lokacin, tana da inda za ta kwana.

In akwai tsohon ɗaki a gidanku, ku duba indararonsa tun kafin hadari ya haɗu, ku kuma tambayi tsofaffin gidan yadda aka gina shi.