Rainon Marayan Ɓera

A hutun damina, ran da muke share rumbu, ƙanena ya kashe wani ɓera da sanda. Ashe uwa ce. Ƙarƙashin damin gero muka tarar da ɗanta, jajir, ba gashi, idanu a rufe.

Na sa shi cikin ƙoƙo da auduga, ina ɗiga masa nonon akuya dare da rana, ina shafa mararsa da jiƙaƙƙen tsumma don ya yi fitsari, yadda uwarsa kan lashe shi. Inna ta ce, "Ɓarawon hatsinmu kake raino." Gaskiyarta.

Bayan kwana 20 ya soma cin tsaba, na kai shi bayan gari na saki. A hanyar komowa sai na tuna can ma gonakin mutane ne.