Baƙo Mai Shan Ruwa

A Zariya, kore na damina ne. Ruwa kan kankama a Mayu, ya ɗauke a Oktoba, daga nan hunturu ya karɓi gari. Ciyawa ta bushe, kuka ta kakkaɓe ganyenta tas, ƙura ta hau komai. Ni kuwa sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, a ɗaki nake wuni, kuma in na ɗago kai daga aiki, taga ce kaɗai wurin hutun idona. Wata shida ana kallon katangar bulo da jar ƙasa ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa da na tare a ɗan gidana na Dogarawa na dasa tuja guda huɗu a gefen katanga. Kun san shi ko da ba ku san sunansa ba: ɗan itacen nan mai tsini a sama, mai ganye a shimfiɗe kamar an bi shi da dutsen guga, wanda masu sayar da furanni ke jerawa a bakin titi cikin baƙar leda. Irin da ke jure zafi daga ƙasar Sin da Koriya ya fito. Ɗan'uwansa na Arewacin Amurka shi ya fara samun suna arborvitae, wato "itacen rai" a harshen Latin. A sanyin 1535 zuwa 1536, ciwon rashin bitamin C ya kwantar da ma'aikatan jirgin ruwan Bafaranshe Jacques Cartier a inda birnin Kwibek na Kanada yake a yau. 'Yan ƙasa suka nuna musu wani itace, suka dafa ganyensa da ɓawonsa suka sha, suka miƙe. Masana da dama sun ce shi ne.

Wannan tarihin bai burge Umma ba. Ranar da ta zo ganin gida, ta daɗe tsaye a kansu.

"Me yake haifa?"

"Ba a cin 'ya'yansa, Umma. Na ado ne."

"Ana miya da ganyen?"

"A'a."

"To inuwa fa?"

Na yi shiru. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe baƙo ka ajiye mai shan ruwa."

Maganarta tana da nauyi. A unguwarmu ruwa kuɗi ne: ko ka tayar da janareto ka jawo daga rijiyar burtsatse, ko ka tare kurar 'yan garuwa. Tuja kuma a shekarunsa na farko ba ya yafe ƙishi, don saiwarsa ba ta yi nisa ba. Yana da wani hali ma mai wuyar sha'ani: ba ya yaushi ya gargaɗe ka kamar tumatir. Yana nan kore shar alhali yana wahala, ranar da ka ga reshe ya yi ja, an riga an gama. Tsohon reshe kuma in ya tsiraita ba ya sake toho, shi ya sa ko aski za a yi masa, bakin ganye kawai ake taɓawa.

Na rasa amsar da zan ba ta da baki, sai na mayar da wurin alwalar gidan gindinsu. Na ajiye faffaɗan dutse da buta, na ja ɗan kwari zuwa kowane gindi. Sau biyar a rana ruwa na sauka ba tare da an sayi ko jarka ɗaya dominsu ba. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya ma can yake zuwa, ban da mai sabulu. Na rufe ƙasar da busasshen ganye, amma ban bari ya taɓa jikin itacen ba saboda gara. Duk Juma'a a hunturu nakan watsa musu ruwa a ka, don ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye ƙura da bushewa suke so. Wani abokin aikina ya ce mu haɗa na'urar auna danshi mai aiko saƙo ta waya. Na ce yatsa ya wadatar: in ka tura shi ƙasa ya fito da sanyi, ka bar su.

Duk da haka, in na bi hanyar Kano na hango gawo a gonaki, nakan tuna tambayoyin Umma. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa dawa rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi abinci, babu mai ba shi ruwa. Dogonyaro ma baƙo ne daga Indiya, amma ya biya kuɗin zama da inuwa da magani har muka manta. Tuja ba zai taɓa kai su ba. Abin da yake ba ni ƙarami ne: a watan Janairu, bayan awa goma ina farautar kuskure a cikin manhaja, in ɗago kai in ga wani abu mai rai. Ina ganin wannan ma haƙƙin ido ne, matuƙar bai ci ruwan tukunya ba.

Saboda haka huɗun nan sun isa, ba zan ƙara na biyar ba. Wurin da ya rage kusa da dutsen alwala, Umma ta riga ta kafa sandan zogale biyu. Har sun kere tujar tsawo.